Yadda Ake Canza Hannun Ƙofar Tsohuwar Peugeot 504 Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

Duk wanda ya saba bin titin Sakkwato daga Samaru zuwa Kwangila ya taɓa ganin irin wannan: tsohuwar Peugeot 504 a gefen hanya, mai ita ya gama abin da ya tsayar da shi, ya dawo, sai ya zura hannu ta taga ya buɗe ƙofa daga ciki. Wani kuma ya zagaya ya shiga ta ɓangaren fasinja, ya tsallake giya kafin ya kai ga sitiyari. Injin lafiyarsa ƙalau, fenti ma da sauransa. Hannun ƙofa na waje ne ya karye, aka bar shi a haka shekara da shekaru.

Yawancin masu irin wannan mota suna ɗaukar abin a matsayin ƙaramar matsala. Sai dai motar da ba ta buɗuwa sai an bar gilashi a ƙasa, an riga an buɗe wa ɓarawo da ruwan sama hanya. Abin da ya fi wannan nauyi kuma shi ne ranar haɗari, Allah Ya kiyaye. Mutanen da za su kawo ɗauki daga waje suke zuwa, kuma hannun waje shi ne abu na farko da za su kama. Idan direba ya suma a ciki, hannun ciki ba shi da wani amfani.

Aikin canza shi bai fi na awa ɗaya zuwa biyu ba. Wahalarsa ita ce duk abin da ke kewaye da shi ya tsufa: gilashi, marfin cikin ƙofa, ƴan maƙalan roba, fenti. Kowanne aka fasa, nemansa ya fi neman hannun wuya.

Wace 504 ce?

Peugeot ta fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A Najeriya kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Zariya kuwa tafiyar kilomita tamanin ce ko kusa da haka daga Kaduna. Shi ya sa Fijo, kamar yadda aka fi kiranta, ta zama motar malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatan gwamnati da direbobin tasha, ga salun, ga wagon, ga a-kori-kura.

Akwai kuma ƴar'uwarta ta tsere, mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ya kuma ƙera jikinta, aka nuna ta a 1969. Daga 1974 an riƙa sa mata injin V6. Ita ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, bayan Ove Andersson ya ci da salun a 1975. Wannan da wuya a gan ta a titin Najeriya, kuma wanda ya mallake ta ya san suna kawai suka haɗa da salun a wajen jiki. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya mita 2.55 ce, ta salun kuwa 2.74, ƙofofinsu ma ba ɗaya ba ne. Don haka kada a sayi hannun salun da zaton zai zauna a kanta.

Ko a salun ɗin ma hannu iri biyu ne. Na farkon-farko yana fitowa waje, da maɓallin da ake dannawa da babban yatsa. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma wanda ya shige cikin jikin ƙofa, ana sa yatsu a ɗaga shi. Tunda a daidai lokacin Kaduna ta fara aiki, wannan na biyun shi aka fi gani a nan. Ramin da aka yanka wa kowanne a jikin ƙofa daban ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Dalilin da ya sa yake karyewa

Ƙyallin da ke jikin hannun tsofaffin motoci yana sa a zata ƙarfe ne mai ƙarfi. Galibinsu da wani gauraye ake zuba su mai suna zamak, wanda mafi yawansa tutiya ce, da ɗan alminiyam da magnesiyam da jan ƙarfe, sannan a shafa masa kurom a sama. Masana'antu suna son sa domin yana narkewa da wuri, a zafin da bai kai digiri 400 ba, yana kuma fitar da siffa tsaf. Aibinsa shi ne ba ya lanƙwasa. Idan aka matsa masa, ɓallewa yake yi kamar ƙashi. Da ruwa ya sami ƙofa ta wata ƴar tsaga a kurom, sai ya riƙa cinsa ta ƙasa, a ga ƙuraje-ƙuraje sun fito.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa kai shi wurin mai walda ba ya haifar da ɗa mai ido. Wutar gas ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Kafin tsagar ta haɗe, gefen ya zube. Gam mai ƙarfi yakan riƙe na kwana biyu, amma wurin da yake karyewa shi ne daidai inda nauyin ja yake sauka.

To amma hannu ba ya karyewa haka siddan. Kusan kullum akwai abin da ya sa ake jan sa da ƙarfi. A Zariya abu biyu ne kan gaba. Ƙurar hunturu tana bi ta bakin gilashi ta sauka a kan kwaɗon ƙofa, wato na'urar da ke kama ƙofar idan an rufe, ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar laka. Damina ta zo ta ƙara tsatsa a kai. Na biyu, hinjin ƙofar direba yana cinyewa saboda ita aka fi buɗewa, ƙofar ta ɗan sauka, kwaɗon ya riƙa gogar ƙugiyar da ke jikin mota. Daga nan sai an finciko ake buɗewa, har ranar da hannun zai biyo mutum.

Ana gane matsalar hinji cikin sauƙi. A buɗe ƙofar kamar taƙi ɗaya, a kama ƙarshenta ta ƙasa a ɗaga. Idan ta yi motsi sama da ƙasa, akwai aikin fanel bita kafin a zo maganar hannu. Wanda ya sa sabon hannu a ƙofar da ta sauka, ya sayi na uku ke nan bai sani ba.

Wani lokacin ma hannun lafiyarsa ƙalau. Idan ana ɗaga shi ba a jin nauyin komai, kuma ba a ga tsaga ba, akasari sandar da ta haɗa shi da kwaɗo ce ta fita saboda ɗan maƙalin robarta ya ruɓe. Idan kuwa yana buɗewa amma ba ya komawa mazauninsa, sifirin ne ya karye. Duka biyun ba sa buƙatar sabon hannu, sai dai dole a buɗe cikin ƙofar kafin a tabbatar.

Neman wani a Sabon Gari

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a cire tsohon tukuna, a tafi kasuwa da shi a hannu. Hoton waya ba ya nuna tazarar noti, ba ya nuna tsawon harshen da ke tura sanda ta baya.

Masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari su ne zangon farko ga mutumin Samaru. Abin da za a tarar iri uku ne. Akwai na asali da aka cire daga wata motar da ta mutu, ko aka shigo da shi cikin kayan Beljiyam. Akwai sabo fil a leda, wanda wasu ƙananan masana'antu ke kwaikwaya. Yana da ƙyalli, amma sau da yawa ya fi na asali rashin nauyi, ramukansa kuma ba lalle su dace ba. Akwai kuma na zubi, wanda maƙera ke yi da narkakken alminiyam a irin kasuwar Panteka ta Kaduna, su yi amfani da tsohon a matsayin samfuri. Na zubi ba shi da kyan gani kuma yana son a bi shi da zarto, amma ga motar da ke aikin yau da kullum ba abin rainawa ba ne. Ga wanda ke son motarsa ta zauna yadda ta fito daga Kakuri, tsohon na asali mai lafiya ya fi sabon kwaikwayo, ko da ya dusashe.

A juya shi a duba bayansa, ba fuskarsa ba. A duba gindin da yake juyawa a kai ko akwai tsaga siririya kamar gashi. A duba zaren noti ko ya cinye. A ɗaga a saki, a ji ko sifirin yana mayar da shi da kansa. A kuma yi yarjejeniya da mai shago cewa za a dawo da shi idan bai zauna ba.

Idan Sabon Gari ta gaza, sai Kaduna, sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mai 504 ta tsere kuwa kusan dole ya nemo daga waje ta intanet, ko dai wurin masu tara tsofaffin motoci a Faransa, ko shagon L'Aventure Peugeot, ƙungiyar da ke kula da gidan tarihin kamfanin a Sochaux. A nan akwai tarko. Faransawa suna rubuta AVG ga ƙofar gaba ta hagu, AVD ga ta dama, ARG da ARD ga na baya. Hagu da dama kuma ana ƙirga su ne kamar mutum yana zaune a cikin mota yana kallon gaba. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, direba a hagu yake zama, don haka ƙofarsa AVG ce. Mai sayarwa daga Ingila idan ya rubuta ɓangaren direba, dama yake nufi.

Aikin kansa

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai faɗi da mai kuros, bokis sifana lamba 8 da lamba 10 da ɗan ƙarin tsawo, filaya mai dogon baki, tocila, salatif na takarda, tsumma, giris, da maganaɗisu a ɗaure a waya don ɗauko notin da ya faɗa ƙasan ƙofa. Zai faɗa kuwa.

Kafin a taɓa komai, a duba kaurin ƙofar, gefen da kwaɗo yake. Wasu tsofaffin motoci ba sa buƙatar a buɗe ciki ko kaɗan. A Volkswagen Beetle, alal misali, kusar da ke riƙe hannun tana ɓoye a bayan robar gefen ƙofa. Da an kwance ta sai a tura hannun gaba ya fito. Inda babu irin wannan kusa, ta ciki ake bi, kuma 504 tana cikin waɗannan.

A naɗe gilashi sama har ƙarshe, domin idan yana ƙasa shi zai tare hanyar zuwa bayan hannun. Idan na lantarki ne, a ɗaga shi sannan a cire kan batir. A zagaye hannun ta waje da salatif ninki biyu saboda fenti.

Sai a cire abin ɗora hannu na ciki, da kewayen hannun buɗewa na ciki, da maɓallin kullewa idan yana tare hanya. Hannun naɗe gilashi shi ne ke ba baƙo wahala. A wasu motoci kusa ce a ƙarƙashin murfinsa. A wasu kuma wata ƴar waya ce lanƙwasasshiya a bayansa. Dabarar fitar da ita ita ce a zura bakin tsumma tsakanin hannun da marfin ƙofa, a riƙa jan sa hagu da dama har ya kamo wayar. A sa tafin hannu a tare, don tana tsalle ta ɓace a cikin yashi. Kafin a zare, a lura da inda hannun yake fuskanta lokacin da gilashi ke sama, don kada a mayar da shi yana dukan gwiwa.

Marfin cikin ƙofar shi ne wurin da ake yin ɓarna mafi yawa. Allon da ke bayan ledarsa na matsattsen katako ne, kuma bayan damina talatin ko arba'in ya yi laushi kamar biskit, musamman ta ƙasa. Maƙalai ne ke riƙe shi a jikin ƙarfe. Ba a kama gefe ɗaya a ja. Ana naɗe bakin sukundireba da tsumma, a zura shi daf da kowane maƙali, a ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Idan aka ɓalla daga tsakiyar maƙalai biyu, allon ne zai yage ya bar maƙalin a ƙofa. Mai kushin zai iya yanka wani allon, amma ledar asali mai irin wannan zane ba a samun ta a kan titi.

A bayansa akwai leda da aka manne a jikin ƙofa. Makanikai da yawa suna yage ta su yar, suna ganin shara ce. Ba shara ba ce. Ƙofar mota an yi ta ne da sanin ruwa zai shiga ta bakin gilashi ya fita ta ƴan ramukan ƙasa, ledar nan kuwa ita ke hana shi taɓa allon. A ɓare ta a hankali ta ɓangaren da ake buƙata. Idan wani ya riga ya yar da ita a baya, a yanko leda mai kauri a manna sabuwa.

Yanzu a haska tocila a ɗauki hoton abin da ke ciki da waya, kafin a taɓa ko sanda ɗaya. Za a ga sanduna siraran ƙarfe suna zuwa ga kwaɗo: daga hannun ciki, daga maɓallin kullewa, daga gidan makulli, da kuma abin da ke haɗa hannun waje. A wasu ƙofofin hannun wajen ba shi da sanda, harshensa ne ke danna wani faifai a jikin kwaɗon kai tsaye. Inda akwai sanda, ɗan maƙalin da ke bakinta juya shi ake yi ya saki jikinta, sannan a zare ta daga rami. Ba a ɓanɓare shi. Idan ya bushe ya fashe, a nemi wani. Ɗaurin waya yana kai mutum gida, amma ba ya shekara.

Notin da ke riƙe hannun ƙanana ne, kuma sandunan zaren da suke kai a cikin zamak aka dasa su. Idan sun yi tsatsa aka murɗa da ƙarfi, gindin ne zai tsinke. A fesa musu WD-40 ko a ɗiga kananzir, a ba su minti goma sha biyar, a riƙa kwancewa kaɗan ana mayarwa kaɗan. Akwai masu zuba man birki a kan noti mai tsatsa. A wannan wurin kada a yarda, domin man birki yana cin fenti, kuma zai gangaro ta ramin hannun ya zana layi a ƙofa.

Da notin sun fita, a karkato hannun a zare shi ta waje ba tare da an tilasta ba. A ƙarƙashinsa akwai siririyar roba da ke raba shi da fenti. Idan ta mutu, a yanko irinta daga tsohon tib na babur. Rashinta yana sa hannu ya goge fenti, tsatsa ta fara daga nan. A wanke wurin, in an ga tsatsa a bakin ramin a kankare a shafa ɗan fenti.

Tun da ƙofa tana buɗe, wannan ne lokacin gyara abin da ya jawo karyewar. A wanke kwaɗon da kananzir da tsohon buroshin haƙori har tsohon giris ya fita, a bar shi ya bushe, a shafa sabo kaɗan a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kaɗan, domin giris mai yawa ƙura yake tarawa. A tsokane ramukan ƙasan ƙofa da waya. Sau da yawa akan tarar laka ta toshe su.

Maganar makulli: inda gidan makullin yake a jikin hannun, a ciro tsohon a mayar cikin sabon, don makulli ɗaya ya ci gaba da buɗe ƙofa. Inda yake gefe daban, ba ruwan aikin da shi. Cikin ramin makulli ba a zuba man inji. Garin bakin fensir ya fi, domin shi ba ya kama ƙura.

Wajen ɗaurawa, a fara kama notin duka da yatsu, a daidaita hannun ta waje ya zauna sosai a raminsa, sannan a ɗaure. Da an ji ya kama, a tsaya. Ƙarin rabin juyi shi ke tsaga sabon hannu tun bai yi aiki ba. A mayar da sanda yadda hoton ya nuna. Idan tana da zare na daidaitawa, a bar wa hannun ɗan sako kaɗan kafin ya fara ja. In an ɗame ta sosai, kwaɗon ba zai koma daidai ba, ƙofa ta ƙi kulluwa ko ta buɗe a kan hanya. In ta yi sako da yawa, sai an ɗaga har ƙarshe kafin ta buɗe.

Kada a rufe ƙofar tukuna

Nan ne mutane ke shiga uku. An ɗaura hannu, murna ta sa an buga ƙofa, sai ta ƙi buɗuwa ta waje da ta ciki saboda an sa wata sanda ba daidai ba. Fitar da ƙofa daga wannan hali aiki ne na yini guda.

Gwajin ana yin sa ne ƙofa tana buɗe. A sa jikin sukundireba a bakin kwaɗon a tura kamar ƙugiyar mota ce ta shiga. Za a ji ƙara sau biyu, na farko rabin kamu, na biyu cikakke. A ɗaga hannun waje ana jan sukundireban. Ya kamata ya saki nan take. A maimaita da hannun ciki. A sake turawa, a kulle da makulli, a tabbatar hannun waje ba ya buɗewa, a buɗe da makulli a ga ya dawo aiki. A ƙofar baya a duba ko ɗan maɓallin hana yara buɗewa bai motsa ba, idan motar tana da shi. A tabbatar an saki kwaɗon kafin a rufe, in ba haka ba zai daki ƙugiya. Sannan a sa hannun naɗewa na wucin gadi a saukar da gilashi har ƙasa a hankali, ana saurare ko yana gogar wata sanda. A bar shi a ƙasa a yi rufewar farko, marfin ciki bai koma ba tukuna.

Idan ƙofar ta rufe da turi ɗaya ta kuma buɗe da yatsu biyu, sai a manne leda, a jera maƙalan marfi a kan ramukansu a buga kowanne da gindin tafin hannu. Ƴar wayar hannun naɗe gilashi a jikinsa ake fara sa ta, sannan a danna shi ya shige.

Tsohon hannun kada a yar. Sifirinsa da notinsa da robarsa za su yi amfani ranar da na wata ƙofar ya gaza, kuma shi ne samfurin da mai zubi zai nema.